Kek mai hawa biyar, huɗu soso ne

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muka aurar da 'yar yayana a nan Kano. Alhamdu lillahi an yi taro lafiya an tashi lafiya, amarya tana ɗakinta. Sai dai akwai wata 'yar rigima da ta tashi a wajen dina wadda har yau ba ta kwanta ba a guruf ɗin danginmu na WhatsApp, ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri.

Ni aka ɗora wa kuɗin kek. Yarinyar da kanta ta same ni ta ce, "Baffa, kai za ka yi mini kek, kuma mai hawa biyar nake so." Ta nuna mini hoto a wayarta, na ce to, ban san abin da na amsa ba. Da na je wajen mai yin kek ɗin, wata matashiya da ta gama digiri ta kama wannan sana'a a kicin ɗin mahaifiyarta, ta faɗi kuɗi, sai da na gyara zama. Ya haura albashina na wata, ni da na kusa shekara ashirin ina aikin gwamnati. Ta lura da fuskata, ta yi murmushi ta ce, "Baba, akwai hanya. Hawan ƙasa za mu yi na gaske, wanda za su yanka. Sauran huɗun soso ne, irin farin nan da ke zuwa a kwalin sabon firji, an lulluɓe shi an yi masa ado. Haya za ka biya, in an gama biki ka dawo mini da su." Kuɗi ya sauko inda zan iya, na biya.

Ashe asirinmu ba zai rufu ba. Ana tsakiyar hotuna wani yaro ɗan shekara shida ya lallaɓa ya danna yatsa a hawa na uku, ya dawo yana shela wai kek ɗin na ƙarya ne. Yayarmu, gwaggon amarya, ta ce na kunyata su a gaban dangin ango. Ƙanenmu ustazu ya ce shi da ma bai ga abin da ya haɗa mu da kek ba, al'adar Nasara ce muka yafa wa kanmu. Ni da na fitar da kuɗi na zama mai laifi ta kowace fuska.

To ni dai akwai ni da karance-karancen tarihi, kuma abin da na sani game da wannan abu ya sa raina bai ɓaci sosai ba. Kek ɗin biki, tun ranar da ya fara hawa sama, yawancinsa na kallo ne. Bari in kawo muku labarin daga tushe.

Raba gurasa a wajen aure tsohon abu ne. Manyan gidajen Rumawa na dā suna da wani nau'in ɗaurin aure da ango da amarya ke cin gurasar wata irin alkama tare a gaban shaidu. Amma wannan gurasa ce kawai, ba zaƙi ba ado. Har zuwa ƙarni na 17 abin da Turawan Ingila ke kira kek ya fi kusa da burodi mai yis da aka zuba wa busasshen inabi da kayan ƙamshi. Abin da ya canza shi ya koma abin nunawa shi ne sukari, don haka tarihin kek tarihin sukari ne.

Shi kuwa sukari ba Turawa suka fara shi ba. A Indiya aka fara dafa ruwan rake har ya zama ƙwaya, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, su suka kai noman rake Masar da Sisili da Andalus. Kalmar ma ta nan ta biyo: mu muna cewa sukari daga Larabci, Turawa ma daga can suka aro tasu. Ga abin da nake so ƙanena ustazu ya ji: wani matafiyi Bafarishe, Nasir Khusraw, da ya isa Alƙahira a 1047 zamanin Faɗimawa, ya ba da labarin teburin Sallah na fadar sarki, inda ya ga an ƙera bishiyar lemo da sukari, reshe da ganye, tare da siffofi masu yawan gaske duk na sukari. Wato ƙera ado da sukari don a nuna arzikin mai gida, fadar Musulmi ta riga fadar Ingila da ɗaruruwan shekaru. Daga baya sarakunan Turai suka kwaikwaya, suna sa a gina musu fadoji da dabbobi na sukari a tsakiyar tebur, a kalla a yaba.

A 1769 wata mata a Manchesta mai suna Elizabeth Raffald, wadda ta yi aikin kula da gidan masu kuɗi kafin ta buɗe shagonta, ta buga littafin girki. A ciki akwai kek ɗin amarya da aka shafe da markaɗaɗɗen almon, sannan aka lulluɓe da farin aisin na sukari da farin ƙwai. Nan kek ɗin biki ya fara kama da wanda muka sani. Ku tuna a lokacin ba a sayar da sukari a gari. Curi ne mai tauri kamar mazarƙwailarmu, sai an fasa an daka an tankaɗe, sannan a yi ta buga shi da ƙwai da hannu har kafaɗa ta gaji. Kuma kamar yadda mazarƙwaila take ja saboda ba a tace ta ba, haka sukarin talakan Ingila yake. Wanda aka tace sau da yawa har ya yi fari fat shi ne mai tsada. Saboda haka baƙi na shigowa suka ga farin kek, sun san nauyin aljihun uban amarya. Maganar cewa fari alamar tsarkin amarya ne, daga baya aka jingina masa ita.

A nan ne labarin ya taɓo mu, ta hanyar da ba ta da daɗin ji. Sukarin da ya cika Turai daga gonakin rake na Birazil da tsibiran Karebiyan ya fito, kuma bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka noma shi. Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa cikin ƙarnonin wannan ciniki, wajen miliyan 10 da dubu 700 suka isa da rai, kuma Birazil ta fi kowace ƙasa karɓa. A farkon ƙarni na 18 abin da mutum ɗaya ke sha na sukari a Ingila bai kai kilo 2 a shekara ba, zuwa farkon ƙarni na 19 ya kai wajen kilo 8. Wannan ƙarin da gumin wasu aka same shi.

Cikin waɗannan mutane har da Hausawa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun sa an kama mutane da yawa daga ƙasar Hausa, aka sayar da su kudu har bakin teku, da dama suka ƙare a Bahiya, yankin rake na Birazil. Ba su zauna shiru ba. A 1807 hukumomin birnin Salbado sun gano wani shirin tawaye da Hausawa suka kitsa, a 1814 aka yi wani da Hausawa ne mafi yawa a cikinsa, sannan a watan Janairun 1835, cikin azumi, Musulmi bayi da 'yantattu suka yi babban boren da tarihi ya fi sani, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a ciki, aka samu takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Duk lokacin da na ga buhun sukari nakan tuna da su, musamman da yake har gobe yawancin ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas daga Birazil ɗin ake shigo da shi.

Mu koma kan kek. Ranar 10 ga Fabrairun 1840 Sarauniya Biktoriya ta auri Yarima Albat. Kek ɗinsu ya kai kilo 136, kewayensa wajen ƙafa 9, an lulluɓe shi da farin aisin mai tauri, a samansa an ƙera siffar ango da amarya cikin tufafin Rumawa. Jaridu suka buga zanensa, kowa ya gani. Irin wannan aisin shi ake kira na sarauta har yau. Amma wannan kek faɗi ya yi, bai yi tsawo ba.

Tsawo ya zo ne a 1858, lokacin da babbar 'yarta ta auri yariman Furushiya. Kek ɗin ya haura ƙafa 6, hawa-hawa kamar hasumiya. To jama'a, hawan ƙasa ne kaɗai kek. Duk abin da ke samansa ginin sukari ne, ginshiƙai da siffofi, ba abin da za a yanka a ba baƙo. Sai a 1882, a bikin ƙanenta Yarima Liyofol, aka yi mai hawa wanda kowane hawa kek ne na ci. Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne: kek na da nauyi, in ka ɗora wani kan wani na ƙasa zai lotse, sai da masu sana'ar suka ƙware wajen taurara aisin da sanya abin tallafi. Ke nan 'yar Sarauniyar Ingila, a lokacin da ƙasarsu ke ganiyar arziki, hawa ɗaya na gaske aka yi mata, daidai da 'yar yayana. Na rubuta wa Yaya wannan a guruf, ta ce ita ba ruwanta da 'yar Sarauniya.

Yadda abin ya sauko daga fada zuwa gidan talaka ma sukari ne sila. Ingila ta haramta bauta a yankunanta da dokar 1833, amma a 1846 ta fara rage harajin da ke kan sukarin waje, abin da ya buɗe ƙofa ga na Kuba da Birazil, inda ba a daina bauta ba sai 1886 da 1888. A 1874 aka cire harajin sukari gaba ɗaya. Ga kuma wani mai haɗa magunguna a Bamingam, Alfred Bird, da ya haɗa hodar tashin fulawa a 1843 saboda matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. Sukari ya yi araha, kek ya yi sauƙin gasawa, ɗan akawu da ɗan kanti suka fara yi wa 'ya'yansu abin da a da sai gidan sarauta.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. A 1940 gwamnatin Ingila ta fara rabon sukari da kati, ta kuma hana masu gidan burodi shafa aisin a kek. Me amaren lokacin suka yi? Masu gidan burodi suka ƙera murfin kwali mai siffar kek mai hawa, aka yi masa farin ado, suna ba da shi haya. A ɗauki hoto da shi, in an zo yanka a ɗaga kwalin, a ƙarƙashi ga ɗan ƙaramin kek da aka harhaɗa da abin da dangi suka tara daga katinsu. Haya fa, kamar yadda na biya. Ko bikin Gimbiya Elizabet a Nuwamban 1947, wanda kek ɗinsa ya kai ƙafa 9 da hawa huɗu da nauyin kilo 227, an yi shi ana cikin wannan rabo, sai da ƙungiyar 'yan mata 'yan sikawut na Ostireliya suka aiko da kayan haɗin a matsayin gudummawa. Rabon sukari bai ƙare a can ba sai 1953.

Na bazday kuwa daga Jamus ya fi ƙarfi. A 1746 an yi wa wani basarake mai suna Zinzendorf bikin zagayowar ranar haihuwa da wani ƙaton kek da aka soka wa kyandirori adadin shekarunsa, kuma Jamusawa ne suka saba yi wa yara irin wannan kafin ya bazu. Abin da ya ba ni sha'awa a nan shi ne, ba ka yin bazday sai ka san ranar da aka haife ka. Iyayenmu da abin da ya faru suke lissafi: wance an haife ta shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, wato 1956. Mu da muke buɗe fayil a ofis mun san yawan waɗanda takardar rantsuwarsu ta ce 1 ga Janairu aka haife su, kamar a ranar kaɗai ake haihuwa a Arewa. Sai da takardar asibiti da rajistar makaranta suka yawaita, sannan Facebook ya zo yana tuna wa mutane, kek ɗin bazday ya samu wurin zama. Malamai sun yi magana a kan hukuncinsa, wannan fagensu ne, ni tarihin kawai na kawo.

A ƙasar nan kek ɗin aure ta Legas ya shigo, wajen Kiristoci 'yan boko na ƙarni na 19, da yawansu zuriyar waɗanda aka 'yanto suka dawo daga Saliyo, waɗanda suka ɗauki auren coci irin na Ingila da kayansa. Mu nan Arewa ta hannun kukun gidajen Turawa da darasin girki na makarantun 'yan mata muka san shi. Kuma da ya zo, abin ci muka ɗauke shi. Ina yaro, kek ɗin da na sani shi ne wanda iyayenmu mata ke yi da Sallah: a shafa wa gwangwanayen madara bota, a zuba ƙullu, a jera cikin tukunyar da aka shimfiɗa wa yashi, a rufe a ɗora garwashi a kan murfi. Ba aisin ba hawa. Yana shiga cikin kayan gara kusa da cincin, shi ke nan. Yankan kek a gaban jama'a, ango ya riƙe hannun amarya ana ƙirga haruffa, wannan tare da dina ya zo, kuma a gabanmu aka fara shi. Hotunan Instagram suka ƙarasa sauran.

Amma kafin mu ce baƙo ne ya koya mana nuna arziki da zaƙi, mu duba gara. Alkaki alkama ce da zuma ko sukari. Nakiya shinkafa ce da man shanu da zaƙi da kayan yaji. Ga dubulan, ga gireba. Wace uwa ce ba ta san dangin ango na ƙirga fanteka ba? Wa bai taɓa jin an ce garar wance ba ta taka kara ta karya ba? Iyaye nawa suka ci bashi saboda ita tun kafin a san dina? Ita Yaya da ke faɗan an kunyata mu, kwana huɗu ta yi a tsaye kan masu tuƙin nakiya, kuma dalilinta ɗaya ne da na yarinyar da ta ce hawa biyar take so: kada a raina mu. Inda na ba gara gaskiya shi ne, duk abin da aka kai ana ci. Ana rabawa gida-gida, maƙwabta su samu, nakiya ta yi watanni a ɗakin amarya ba ta lalace ba. Kek mai hawa biyar kuwa, ko da duka na gaske ne, sau nawa muka ga an yanki ɗan gefe an bar sauran, mutane sun riga sun ƙoshi da shinkafa? Da na biya kuɗin biyar na gaske, da huɗu asara za su zama, ni kuma in shiga sabon wata da bashi.

Akwai kuma waɗanda a wannan muhawara ake yi wa rashin adalci, su ne matan da ke wannan sana'a. Na zauna na ga aikin. Furannin da ke jikin kek ɗinmu da hannu ta yi su, ganye ɗaya-ɗaya, ta murza ƙullun sukari har ya yi siriri ta naɗe ta jera su bushe, kwana uku tana yi. Lulluɓin da take amfani da shi, fondan, ƙullun sukari ne da ake murzawa kamar na taliya a yafa wa kek a shafe har ya yi sumul, kuma ta zaɓe shi ne don aisin ɗin bota ba ya jure zafin Kano, kafin a gama hotuna ya fara zuba. Ga rashin wuta, ga kuɗin gas, ga ɗaukar abin a mota a bi ramuka da shi ana addu'a. Fulawarta daga alkamar waje, sukarinta daga raken waje, kayan adonta daga waje. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan da ya biyo, duk motsin dala sai ya bayyana a kicin ɗinta. Kuɗin da ya sa na gyara zama, da ta lissafa mini abin da ke ciki, ribarta ba ta kai yadda na zata ba. Da wannan aiki take biya wa ƙannenta biyu kuɗin makaranta. Wanda ya ce a daina kek gaba ɗaya, ya haɗa da faɗa mata abin da za ta koma yi.

Ni abin da ya dame ni bai wuce yadda na amsa wa yarinyar da "to" ba tare da na tambayi kuɗi ba, don kada in zama baffan da ya kasa. Da mai kek ɗin ba ta da kirki, da na je na ci bashin ƙungiyar adashin ofis a kan abin da za a kalla na minti goma. Na san abokan aiki da suka yi hakan, wasu har yanzu ana cire musu.

Ranar Litinin bayan an tashi daga aiki na loda hawa huɗun a bayan mota na mayar mata. Na nuna mata inda yaron ya ɓula, ina shirin biyan tara. Ta duba ta yi dariya ta ce, "Baba, bar shi, fure ɗaya zan manna a wurin." Ta ce wannan na ukun bikinmu ne na tara da ya halarta, kuma Asabar mai zuwa an riga an kama shi, Zariya za shi.